Karnukan maƙwabci sun hana mu barci wata bakwai, amma dan Allah kar a sa musu guba

Assalamu alaikum Malam Edita, barka da aiki, ya ƙoƙari, Allah ya ƙara basira. Dan Allah ina roƙon a ɗan ba ni fili a wannan jarida tamu in yi magana a kan wani abu da na san yana ci wa mutane da yawa tuwo a ƙwarya a biranenmu amma kowa ya yi gum, sabida ana ganin kaman ƙaramin abu ne, ko kuma ana jin nauyin a ce wai ka kai ƙarar maƙwabcinka a kan kare. Maganar haushin karnuka ce cikin dare. Ni ya faru da ni, wata bakwai cur muna fama, kuma saura kaɗan abin ya raba mu da mutumin da muka yi shekara tara muna sahu ɗaya a masallaci, shi ya sa na ce bari in rubuta ko wani zai amfana.

Ina zaune a ɗaya daga cikin sababbin unguwannin nan na bayan garin Kano, irin waɗanda gidaje ke manne da juna katanga ɗaya ce tsakaninku. Maƙwabcina Alhaji ɗan kasuwa ne, mutumin kirki wallahi ba zan ɓoye ba, ranar sunan 'yata shi ya fara aiko da buhun shinkafa. To bara da damina ɓarayi suka haura masa cikin dare ana ruwa, suka ɗauke janareto da babur ɗin yaronsa, suka ɗaure maigadi da igiyar shanya, duk unguwa muka je jaje. Bayan sati biyu sai ga mota ta kawo karnuka uku, manya irin na Turawa ɗin nan masu tsayayyun kunnuwa da ake ce wa alseshiyan, ba irin namu na gida da ke kwanciya gindin bishiya ba. Gaskiya a lokacin har daɗi muka ji, muka ce to ai tsaron na kowa ne, ɓarawon da ya ji su ba zai tunkari layin ba gaba ɗaya.

Abin da ba mu lura ba shi ne inda aka gina musu ɗaki. An jingina shi da katangar da ta raba mu, daidai bayan tagar ɗakin mahaifiyata Hajiya, tsakanin tagar da ɗakin karnukan bai fi taku huɗu ba. Hajiya ta haura shekara 70, tana da hawan jini, likita ya ce mata barci na cikin maganinta. Da an idar da Isha'i sai su fara, ɗaya ya ɗauka biyun su amsa, wani lokaci ba haushi ba ne ma irin wannan dogon kukan ne mai tayar da tsikar jiki, su yi shiru na minti goma har ka fara lumshe ido sai kuma su dawo sabo, haka har kiran sallar farko. Lokacin sanyi da sauƙi tunda ana rufe tagogi a ja bargo, amma da aka shiga watan Maris da Afrilu, wanda duk ɗan Kano ya san yadda zafi yake kaiwa digiri 40 har ya wuce, ga ba wuta ga ba fanka dole ka buɗe taga, sai ya zama kaman a tsakiyar ɗakin suke. Jaririyarmu ta firgita ta tsala kuka, uwarta ta tashi jijjiga, ni in fita tsakar gida in zauna kan turmi ina jiran asuba, da safe in tafi aiki idona jawur kaina na sarawa. Hajiya kuwa ba ta ƙorafi, irin tsofaffin nan ne, sai dai ka leƙa ƙarfe uku na dare ka ganta zaune bakin gado da carbi, ka ce Hajiya ba ki kwanta ba, ta ce ba komai je ka kwanta, ai dabba ce ba ta san tana yi ba. Wannan maganar tata ta fi haushin ƙona min rai, sabida na san tana cutuwa, duk sanda muka auna jinin sai mu ga ya hau.

Kuskuren farko ni na yi shi kuma ina so mutane su ji don kar su maimaita. Wata rana wajen ƙarfe biyu na dare raina ya ɓaci na fita ko takalmi ban tsaya nema ba na dinga dukan get ɗin Alhaji, karnukan suka ƙara haukacewa, maigadi ya leƙo ta ƙaramar ƙofa a tsorace da gora a hannu ya ɗauka ɓarayin ne suka dawo. Na faɗi maganganu masu zafi, shi kuma bawan Allah ba shi da ta cewa, sai ba ni haƙuri yake. Da gari ya waye labarin da ya isa kunnen Alhaji shi ne wai na zo cikin dare na ci mutuncin gidansa, kwana uku muna haɗuwa a masallaci gaisuwa sama-sama, da na ƙarasa na same shi na ce Alhaji dan Allah karnukan nan a duba mana, sai ya ce min to Malam kare ai haushi ne aikinsa, don shi na saye su, lokacin da aka yi min sata wa ya fito? Ka ga an riga an ɓata rawa da tsalle. Maganar da aka yi da rana cikin natsuwa da wadda aka yi da dukan get ba sakamakonsu ɗaya ba.

Daga nan ne shawarwari suka fara zuwa, kuma nan ne ainihin dalilin wannan wasiƙar. Samarin layinmu, waɗanda su ma abin ya ishe su, suka same ni a majalisa bayan Magariba suka ce Yaya ka bar mana aikin kawai, tsire za mu saya na ɗari biyar mu zuba masa fiya-fiya mu wurga ta katanga, kafin safe an huta ba wanda zai san wa ya yi. Wani ma cewa ya yi ai a unguwarsu ta da haka suka yi wa karnuka huɗu. Ba zan yi ƙarya ba a daren na yi ta juya maganar a raina, mutumin da ya yi wata da watanni bai yi barcin kirki ba Shaiɗan ba ya shan wahala a kansa. Amma da na faɗa wa Hajiya da safe sai ta ajiye kofin kununta ta ce kul, kar in sake in ji, rai ne fa, kuma idan kazar wani ko akuya ko yaro ya tsinci ragowar naman fa, wa zai ɗauki alhakin? Kuma gaskiyarta ne, guba ba ta zaɓe, almajirai nawa ke bi ta lungun nan da safe suna tsince-tsince. Ban da haka kashe dabbar wani da gangan laifi ne a dokar Penal Code da ake aiki da ita a Arewa, ɓarnar dukiya ce kuma zaluntar dabba ce, kai da kake da gaskiya sai ka koma kai ne a gaban alƙali. Sannan Alhaji ba yaro ba ne, ranar da ya tashi ya ga gawar karnukansa ya san daga wace katangar aka jefo, shi kenan an ƙulla gabar da 'ya'yanmu za su gada.

Abin da ya canza min tunani gaba ɗaya kuwa tsani ne. Tankin ruwanmu na sama ya fara yoyo, na hau da mai gyara wajen ƙarfe ɗaya na rana, daga can sama sai na hango cikin ɗakin karnukan a karon farko. Malam Edita wallahi sai da jikina ya yi sanyi. Wani ɗan akurki ne na bulo da rufin kwano, tsayinsa bai kai ƙirjina ba, rana ta doke kwanon tana huci, karnuka biyu manya a cushe ciki harshe a waje suna haki kaman za su shiɗe. Robar ruwansu a kife take ta bushe ƙayau. Ɗayan da aka ɗaure da sarƙa a waje sarƙar ta ci masa wuya har gashin wurin ya zube ya yi ja, gefen kunnuwansa duk ƙuda sun cinye sun yi baƙin jini, yana ta kaɗa kai yana sosawa da ƙafa, ga kashi ko'ina ba a share ba. Ina kallo maigadi ya zo daga nesa ya watsa musu ƙanzon tuwo da ragowar shinkafa ta saman ƙofa ya juya da sauri, ashe shi ma tsoronsu yake ji, bai taɓa kiwon kare ba a rayuwarsa, an dai ce masa ga su nan ka kula da su. Tun daga ranar na daina jin haushin karnukan, na gane kukan da suke mana cikin dare nasu ƙorafin ne suke kaiwa.

Na kira wani abokina likitan dabbobi da muka yi sakandare tare na ba shi labari, ya ce ai wannan shi ne abin da suke gani kullum. Mutane sun shiga sayen manyan karnukan waje sabida rashin tsaro amma ba su san nauyin da ke kai ba. Ya ce irin waɗannan asalinsu karnukan aiki ne, na kiwon tumaki, jikinsu na buƙatar gudu da motsi kullum, idan ka kulle su awa goma sha shida a akurki to duk ƙarfin da ya taru da daddare zai fita ta baki. Ga ƙishirwa, ga yunwa, ga kaska da ƙuma da ke hana su sakat, ga zafi tunda kare ba ya gumi kaman mutum ta haki yake sanyaya jikinsa, rufin kwano a watan Afrilu zai iya kashe shi ma. Ya tambaye ni ko akwai mace a cikinsu na ce akwai ɗaya, ya ce to duk lokacin da ta shiga neman barbara, kusan sau biyu a shekara, mazan ba za su yi shiru ba kuma duk karnukan da ke yawo a unguwa za su taru a bakin get ana amsa wa juna. Sai kuma wani abu da ban taɓa kawowa ba, wai idan akwai rata a ƙasan get suna hango ƙafafun masu wucewa, kowane mai wucewa sai sun yi masa haushi, shi kuma ya wuce abinsa, su a ganinsu su suka kore shi, sai abin ya zame musu ɗabi'a. Ya ƙara da cewa karen da ke haushi dare farai ba shi da amfani a gadi, sabida ranar da ɓarawon gaske ya zo ba wanda zai ɗaga kai, kowa ya saba. Wannan maganar ta ƙarshe ita na riƙe sabida na san ita ce za ta shiga kunnen Alhaji.

Sai na bi ta hanyar da ya kamata in bi tun farko. Na samu limaminmu bayan sallar Asuba na ce Allah gafarta Malam ga halin da ake ciki, kuma na fara da faɗin nawa laifin na dukan get. Malam ya ce a bari ya yi magana da mai unguwa a zauna, kar a kai ga 'yan sanda ko Hisba tunda abin bai kai nan ba. Kafin ranar zaman na yi sati ɗaya ina ɗaukar sautin a waya daga cikin ɗakin Hajiya ina rubuta lokaci a bayan wani tsohon littafi, ƙarfe 11:40, ƙarfe 1:15, ƙarfe 2:30, haka dai, ba don in kunyata kowa ba sai don kar a ce ƙari nake.

A zauren mai unguwa muka zauna mu biyar ranar wata Asabar da hantsi. Liman ya fara da ayar nan ta 36 a Suratun Nisa'i inda Allah ya haɗa kyautata wa maƙwabci na kusa da na nesa da kyautata wa iyaye da marayu, ya kawo hadisin da Annabi (SAW) ya ce Jibrilu bai gushe ba yana masa wasiyya da maƙwabci har ya zaci za a ba shi gado, da wanda ya yi rantsuwa sau uku cewa bai yi imani ba wanda maƙwabcinsa bai kuɓuta daga cutarwarsa ba. Amma abin da ya burge ni bai tsaya ta ɓangarena kaɗai ba. Ya ce wa mutane su daina cewa ajiye kare haramun ne kai tsaye, hadisi ya yi maganar ragin lada ga wanda ya ajiye kare ba don farauta ko kiwo ko gona ba, malamai da yawa kuma sun ƙiyasta gadin gida a kai idan akwai buƙata ta gaske, har ya ba da labarin Ibn Abi Zaid Alƙairawani mai Risala, da katangar gidansa ta faɗi ya ajiye kare, aka ce masa ai Imam Malik ya karhanta, ya ce da Malik ya riski wannan zamanin da zaki zai ajiye. Alhaji ya gyara zama ya ji daɗi. Sai Malam ya juyo ya ce amma Alhaji wanda ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski, ka tuna matar da ta shiga wuta sabida kyanwar da ta kulle ba ta ba ta abinci ba ba ta sake ta ta nema ba, ka kuma tuna mutumin da aka gafarta wa don ya cika huffinsa da ruwa ya shayar da kare mai ƙishirwa, to kai naka uku ne a kulle, yaushe rabonka da ka leƙa ɗakinsu da rana? Alhaji ya yi shiru, can ya ce gaskiya tun da aka kawo su bai fi sau biyu ba, ya bar wa yara.

A nan ne na gane shi ma bai san me ake ciki ba. Ɗakinsa yana sama ta gaban gida, ga esi ga sola, tagogi a rufe ruf, abin da yake ji daga nesa ɗan haushi ne da ke kwantar masa da hankali cewa ana gadi. Na kunna masa sautin a waya ya ce kai waya ce ke ƙara shi. Mai unguwa ya ce to ba sai an ja ba, Alhaji yau da daddare ka shiga ka gaida Hajiya ka zauna minti talatin. Ya kuwa zo wajen sha ɗaya saura, ya zauna kan kujerar roba a ɗakin, ba a yi minti biyar ba suka ɗauka, har gilashin tagar yana ɗan karkarwa, ina kallonsa ya dafe kai. Ya sauko daga kujerar ya durƙusa ya ce Hajiya dan girman Allah ki yafe min, wallahi ban san haka kike kwana ba. Ta ce haba Alhaji ai kai ɗa ne, Allah ya yafe mana gaba ɗaya, Allah ya tsare maka dukiyarka.

Cikin sati biyu aka rushe akurkin aka mayar da shi can ɗaya kusurwar ta wajen fili inda ba gidan kowa, aka yi shi da faɗi da silin a ƙarƙashin kwanon da raga ta gefe don iska, aka sa babbar roba biyu ta ruwa da ake cikawa safe da yamma. Abokina likita ya zo ya yi musu maganin kaska da tsutsar ciki ya wanke ciwon wuyan nan ya ce a daina ɗaurin sarƙa, aka samu wani yaro daga cikin mafarautan ƙauyen da ke bayanmu wanda ya san kan kare yana zuwa bayan La'asar ya fita da su ya zaga da su, aka sa faranti aka toshe ƙasan get, abincin dare kuma aka mayar da shi bayan Magariba don su kwana da ƙoshi. Macen cikinsu kuwa Alhaji ya kai ta gonarsa. Ba zan ce an daina haushi kwata-kwata ba, idan 'yan sintiri suka busa usur ƙarfe biyu sai sun amsa, idan baƙuwar mota ta tsaya ma haka, amma minti ɗaya biyu ne su yi shiru, kuma yanzu in suka ɗauka da ƙarfi har ni leƙawa nake sabida na san akwai dalili.

To amma Malam Edita ba kowa ne zai yi sa'ar maƙwabci irin Alhaji ba, na sani, akwai wanda za ka bi ta liman ka bi ta mai unguwa ka bi ta dagaci ya ce gidansa ne ba wanda ya isa. A nan ne nake ganin hukuma ta bar mu a tsakiyar ruwa. Akwai dokar ƙayyade ƙara da hukumar kula da dokokin muhalli ta ƙasa, NESREA, ta fitar tun 2009, wadda ta sa iyaka ga ƙarar da aka yarda da ita a unguwannin zama, ta dare ƙasa da ta rana, amma tsakani da Allah mutum nawa ne a layinmu suka taɓa jin sunanta balle su san ofishin da za su je? A da muna yara akwai duba-gari, suna shiga gida-gida su duba randa da masai da kwata, iyayenmu mata har rawar jiki suke in an ce ga su nan, da suna nan da ƙarfinsu da wannan akurkin bai yi wata bakwai a jikin tagar tsohuwa ba. Ina kira ga ƙananan hukumomi da ma'aikatar muhalli su farfaɗo da wannan aikin, a ce duk mai ajiye kare a cikin gari ya yi rajista, a duba inda zai ajiye shi, a hana jingina ɗakin kare da katangar ɗakin kwanan maƙwabci, kuma a ba masu unguwanni lambar da za su kira idan sulhu ya gagara. Ba sabon abu ba ne, dokar karnuka tana nan tun zamanin Turawan mulkin mallaka, aiki da ita ne babu.

Akwai kuma abin da ya fi haushin haɗari wanda sai da likitan nan ya tambaya muka farga, ashe duk cikin karnuka ukun ba wanda ke da takardar allurar rigakafin ciwon haukan kare, wanda ya sayar wa Alhaji ya ce an yi musu shi kenan aka yarda. Wannan ciwo ba wasa ba ne, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta yana kashe mutum kusan 59,000 duk shekara, yawancinsu a Afirka da Asiya, kusan duka ta cizon kare, kuma kusan kashi 40 cikin ɗari yara ne 'yan ƙasa da shekara 15. Da zarar alamunsa sun bayyana a jikin mutum, tsoron ruwa da firgita da dalalar da miyau, to kusan ba a tashi. Alhali allurar kare ba ta da wani tsada in ka kwatanta da kuɗin abincinsa na wata, ana fara ta tun yana wata uku a dinga sabuntawa duk shekara, kuma a nan ƙasar ma ana haɗa ta a cibiyar binciken lafiyar dabbobi da ke Vom a jihar Filato. Kwanakin baya a layin bayanmu wani karen yawo ya ciji yaro a ƙauri, na tarar mata sun taru wata tsohuwa na cewa a nemo gashin karen a ƙona a shafa, na ce dan Allah a kawo sabulu da ruwa, muka wanke wurin a ƙarƙashin famfo minti goma sha biyar cif kaman yadda likitoci suka ce, muka sa shi a Keke Napep sai asibiti a ranar aka fara masa allura. Samari kuma har sun ɗauko sanduna za su bi karen su kashe su jefar a kwata, alhali abin da ake so a sanar da likitan dabbobi, in an samu kama shi a killace a sa masa ido kwana goma. Yaron yana nan lafiya lau alhamdu lillahi, jiya ma na gan shi yana buga ƙwallo.

Sai 'yan'uwana masu karnuka, dan Allah kar ku ɗauka gaba ake da ku, duk mun san halin da ƙasa ke ciki, wanda aka taɓa haura wa gida shi ya san abin da ya ji. Amma ka fita da kanka ƙarfe ɗaya na rana ka leƙa inda karenka yake, ka taɓa kwanon ka ji, ka duba robar ruwan, sannan ka tambayi na bayan katangarka ko yana samun barci, kar ka jira sai ya zo, da yawa ba za su zo ba sabida kunya, sai dai su yi ta haɗiye abin suna kai ƙararka wurin Allah cikin dare kai ba ka sani ba. Samarinmu kuma na layi har yanzu wasunsu na ganin da an bar su da tsirensu da an gama tun a watan farko, ni dai na gaya musu duk ranar da na ji an jefa wa karen wani guba a unguwar nan ni zan fara kai suna wurin mai unguwa.

Roƙona na ƙarshe gare ku Malam Edita, tunda ranar 28 ga Satumba ce ranar yaƙi da ciwon haukan kare ta duniya, dan Allah ku tura wakilinku asibitin dabbobi na gwamnati ya zauna da likitoci, a buga mana da Hausa inda ake yi wa karnuka allura da nawa ake biya da kuma asibitocin da ke ajiye allurar mutane idan an yi cizo, sabida ranar da muka kai yaron nan sai a wuri na uku muka same ta. Ku kuma tambayo mana NESREA ta wace hanya talaka zai kai kukansa idan maƙwabci ya ƙi jin sulhu. Na gode da wannan fili, Allah ya ɗaukaka jaridarmu, a gaida duk ma'aikata.

Naku,
Mai karatunku a kullum, daga Kano